Autan Tukunya

Shekara ashirin da shida ke nan makullin siton gidan adana kayan tarihi yana hannuna. Baba Sito ake ce mini, daga yaran da suka kama aiki jiya har Darakta. In Darakta ya kawo baƙi yakan nuna ni ya ce, wannan ko ƙuda ne ya shiga sitonsa sai ya ba shi lamba ya sa shi a rajista. Baƙi su yi dariya, ni ma in taya su. Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara goma sha ɗaya ke nan dariyar nan a haƙori take tsaya mini.

Ni ba masani ba ne, kada wani ya naɗa mini rawanin da ba nawa ba. Aikina, abin da ya shigo in ƙirga, in rubuta, in sa hannu, in kulle. Abin da zai fita in ƙirga, in rubuta, a sa mini hannu. Sitona dogon ɗaki ne a ƙasan bene, taga ɗaya can sama, kabad-kabad na ƙarfe jere hagu da dama, sai tebur na katako da na tokare ƙafarsa ɗaya da kwali. Ƙofar kuwa irin mai komawa da kanta ce, kuma tun da aka sa ta ba ta taɓa shiri da kowa ba.

Malama ce ta kawo tukunyar. Tana koyarwa a jami'a, ita ce kuma mai kula da ɗakin tsofaffin kuɗi a wajenmu. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, in ta kama bayani shayinta sai ya huce sau uku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce suna tona kufan wani tsohon gari da ke kan hanyar fatake, sai suka ci karo da wata 'yar tukunya a ƙarƙashin daɓen wani ɗaki, an toshe bakinta da laka. Cikinta dirhami ne na azurfa, na farkon zamanin Musulunci, sirara, faɗinsu bai wuce murfin kwalba ba. Duk sun yi kore, ƙasa ta rufe rubutunsu, wasu sun manne da juna. Aka zazzage su a kan farin zane a gaban Darakta, aka rarraba, aka ƙirga sau uku. Ɗari biyu da goma sha biyu. Na rubuta, na sa hannu. Washegari Malama ta koma wajen tono, ta ce a wanke mata su kafin ta dawo.

Ranar Laraba da hantsi na jera su a tire zan kai wa mai wanke kaya a ɗakin sama. Na tura ƙofar nan da ƙafa, ta dawo ta doke mini gwiwar hannu. Ƙarar ma ba wani ƙarfi gare ta ba, kamar an watsa tsakuwa a kwano. Na mayar da ƙofa na kulle, na durƙusa ina tsinta. Ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka. Na share ɗakin, na bi sharar da yatsa, na kwanta ruf da ciki ina haska ƙarƙashin kabad da tocila, na cire takalmina na zazzage, na warware naɗin ƙafar wandona. Har azahar ta yi ina ja da ciki a siminti, ni magidanci da 'ya'ya huɗu, amma ɗaya ya ce bai san zancen ba.

Mai hankali zai ce, to sai ka hau sama ka faɗa wa Darakta. Mai hankalin nan bai san wanda na gada ba. Dattijo ne mai kunya, ya yi shekara ashirin a kujerar nan, zobe ɗaya na tagulla ya ɓace a hannunsa. Aka kira 'yan sanda, aka kwance masa gida har ƙarƙashin katifa, aka sallame shi ba ko na mota. Bayan ya rasu da shekara biyu ni da hannuna na tsinci zoben a akwatin da ba nasa ba. Mu masu sito abin da muka koya daga nan guda ne: komai zai faru, kada lamba ta gaza.

Akwai wani gwangwani a kabad na ƙarshe da muke kira gwangwanin marayu. Tsofaffin kuɗi ne da ba a san asalinsu ba, wasu an ƙwace a hannun masu fasa-ƙwauri, wasu magada ne suka kawo a ƙulle a tsumma. Ba lamba, ba takarda, ba mai tambayarsu. Na buɗe, na sa hannu, na laluba har na samo wanda faɗinsa da kaurinsa suka yi daidai da na tire. Ni a idona duk ɗaya suke. Larabcina na salla ne, rubutun da ke jikinsu kuwa irin na dā ne, ba ɗigo ba wasali, tsaye-tsaye kamar haƙoran mataji. Nawa ya ɗan fi su duhu, saboda haka na lakato ƙasar da ta rage a gindin tukunyar, na jiƙa da yawu, na murza masa ciki da baya. Wannan murzawar ita ce ba ta da uzuri. Zubarwa tsautsayi ne, musanyawa tsoro ne, amma murza ƙasa sai wanda ya zauna ya yi tunani. Na ƙirga, ɗari biyu da goma sha biyu, na kai sama, mai wanke kaya ya sa mini hannu.

Na ɗauka magana ta mutu. Azurfa ta tafi, azurfa ta dawo, wa na cuta?

Bayan wata guda Malama ta aiko a kira ni. Na same ta da safar hannu, gilashin dubawa a ido, dirhamai sun fito fes an jera su layi-layi a kan koren zane, guda ɗaya an ware shi gefe. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Ita kuwa ta ja mini kujera, don Malama in abu ya cika mata ciki ko mai shara ta samu sai ta yi masa darasi.

Ta nuna mini zagayen rubutun da ke bakin ɗaya daga cikinsu, ta ce abin da ke nan shi ne: da sunan Allah, an buga wannan dirhami a gari kaza, shekara kaza. Ta ce marubutan tarihi sau da yawa bayan shekara ɗari suke rubutu, kuma abin da mai mulkin zamaninsu yake so a ji suke rubutawa. Amma kuɗi a shekararsa aka buga shi, kuma ba ya zuwa gari da ƙafarsa, sai wani ya sayar da wani abu an ba shi. In ka duba garuruwan da aka buga su, ka san da wa mutanen kufan nan suke ciniki. In ka auna nauyinsu, ka san ko baitulmali na da lafiya a shekarar. In ka duba yadda aka tsara kalmomin, ka san gidan da ke mulki. Sannan ta ce tukunya kamar gida ce, ba a rufe bakinta ba sai bayan an haifi autanta. Wanda ya fi kowa ƙuruciya a ciki, shi ke faɗa maka cewa har shekararsa akwai mai rai a ɗakin nan da ke tara kuɗi.

Ɗari biyu da goma sha ɗayan nan duk na zamanin Umayyawa ne, ƙaraminsu shekara ta ɗari da talatin bayan hijira. Wannan ya yi daidai da abin da kowa ya sani, musamman Farfesa, malaminta, wanda ya rubuta tun tana makarantar firamare cewa garin ya mutu ne a rikicin da ya ɗauke mulki daga Umayyawa ya ba Abbasiyawa. Amma na gefen nan, in ji ta, na Abbasiyawa ne, shekara ta ɗari da arba'in da tara. Ke nan kusan shekara ashirin bayan an ce garin ya mutu, akwai fatake da ke shigowa cikinsa da kuɗin sabuwar daula. Ta sa masa suna Auta.

Sai ta cire gilashin ta dube ni.

"Baba Sito, guda ɗaya tak ne, kuma tazarar ta yi yawa. Ka tabbata daga tukunyar nan ya fito? Ba a haɗa su da komai ba?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faɗinta ya isa raƙumi. Sai na yi abin da mara gaskiya yake yi, na yi fushi. Na sauka na ɗauko rajista, na dire mata a tebur, na nuna mata sa hannun Darakta da nata da nawa da na mai wanke kaya. Na ce shekara goma sha biyar ina aikin nan ba a taɓa tuhumata ba, in yau ne za a fara to a faɗa mini in ajiye makulli. Baiwar Allahn nan ta miƙe tsaye ta ba ni haƙuri. Ta ce ba tuhuma ba ce, aikinta ne ta tambaya, kuma tun da ni na faɗa ta yarda. Da yamma ta aiko mini da kwalin shayi. Na kai gida, na ce wa maman yara ta ba maƙwabta.

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Malama ta rubuta maƙala, aka buga. Farfesa ya ce dirhami ɗaya ba ya tayar da mataccen gari, tabbas akwai kuskure a wani wuri. Aka yi taro a babban zaurenmu, ni ne ma na jera kujerun. Tsohon ya miƙe da sandarsa ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta da Autan nan ba, sai wani matashin malami ya ce ai dama tsufa ba ya son sabon labari, zaure ya ɗauki dariya. Malama ba ta yi dariya ba, amma ta ɗaga hoton shafin rajistata ta ce ga shaida, an ƙirga a gaban mutum uku, kuma mai siton nan kowa ya san shi. Ina tsaye a baya kusa da makunnin fanka. Farfesa ya waiwayo ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya zauna. Tun daga ranar shi da Malama gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Bara ya rasu, ana ce masa tsoho mai taurin kai, kuma har da ni aka je gaisuwa.

Maƙala ta zama littafi. A shafin godiya akwai sunana, an ce da ba don riƙon amanata ba da aikin bai tsaya ba. Maman yara ta sa aka yi wa shafin firam ta rataye a falo, daidai inda nake zama in ci abinci.

Sai kuma maganar Uwata. 'Yata ce ta biyu, sunan mahaifiyata gare ta shi ya sa nake kiranta haka. Tun tana sakandare in an tashi takan biyo ta wajen aikina mu tafi gida tare. Wata rana Malama ta gan ta tana leƙen akwatin gilashi, ta miƙa mata gilashin dubawa, shi ke nan aka ƙwace mini 'ya. Ta koyi karanta rubutun nan mai haƙoran mataji kamar ruwa. Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, yanzu tana na uku a hannun Malama, kuma a kan me? A kan tukunyar nan. Ƙannenta suna tsokanarta da matar Auta. In ta zauna tana ba mu labarin fataken da suka riƙe garin bayan yaƙi, har da irin hanyar da take jin sun biyo, sai in ce kaina na ciwo in shiga ɗaki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kada in rage komai, tun da na fara. Shekara uku da suka wuce ruwa ya yi yoyo ta bangon sito, aka zo aka janye kabad na uku. A tsagar da ke tsakanin siminti da bango, a tsaye a kan gefensa, ga ɗan halak ɗin nan, dirhamin da ya ɓace, kore shar da ƙasarsa, kamar jiya ya faɗi. Na taka shi da takalmi har ma'aikatan suka fita. Na sa shi a kwalin ashana na tura can ƙarshen aljihun teburina. Sau nawa na ɗauko shi na nufi matakala, Allah kaɗai ya sani. Kullum sai in ce bari littafin ya fito, bari Uwata ta gama jarrabawa, bari in yi ritaya. Saura mini wata goma sha huɗu.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da la'asar, ina tsakar gida ina fama da famfon da ke ɗiga, Uwata ta shigo. Ba ta tsokani kowa ba, ba ta buɗe tukunyar uwarta ba, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na ce lafiya? Ta ce tana so ta faɗa mini wata magana, amma kada ta wuce ni.

An kawo musu sabuwar na'ura a jami'a, mai nuna abin da ido ba ya gani. Wata biyu tana sa dirhaman a ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk wankin da aka yi musu, akwai ragowar tsatsa da ta maƙale a lungunan haruffa. Ɗari biyu da goma sha ɗaya tsatsarsu iri ɗaya ce, koriya, wasu har da sawun zaren tsumman da aka ƙulle su a ciki. Auta kuwa tasa toka-toka ce mai duhu, irin wadda azurfa ke yi in ta daɗe a ƙasa mai gishiri, kuma ba sawun zare ko ɗaya. Ta sake dubawa ya fi sau goma. Auta bai taɓa kwana a tukunyar nan ba.

Sifana tana hannuna, na ci gaba da juya abin da ya riga ya ɗauru.

"Baba, mutum uku ne suka taɓa su kafin a karanta su," in ji ta. "Kai, da mai wanke kaya, da Malama. Kai da shi ba ku iya karanta rubutun ba. Wanda ya sa shi ya san abin da yake sawa. A cikin dirhamai dubu, wa zai zaɓo daidai wanda zai kayar da Farfesa in ba wanda ya iya karatu ba?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce matar nan ita ta koya mata cewa gara ka ce ban sani ba da ka ƙara ɗigo ɗaya da ba ka gani ba. Ta ce kwana huɗu ba ta iya haɗa ido da ita. Ranar Litinin ko dai ta kai wa shugaban sashe abin da ta gano, wanda ta san ƙarshen Malama ke nan a jami'a, ko kuma ta tattara takardunta ta bar karatun. Ta tambaye ni wanne ya fi.

Ka ji fa. Jahilcina ya zama lauyana. 'Yar da na haifa ta wanke ni tas, ba don ta san halina ba, sai don ta san ban iya karatu ba, ta ɗauki laifina ta ɗora wa matar da ta ba ni haƙuri a kan gaskiyarta. Kuma me na ce mata? Na ce ta yi haƙuri, ta ƙara bincike, kada ta yi gaggawa. Wallahi haka na ce. Ta share hawaye ta ce to Baba, ta tashi ta kama wa uwarta aiki. Ban taɓa raina kaina irin na ranar ba.

Lahadi na wuni ina lissafin da ba shi da kyau. In na yi shiru, ba mai zuwa kaina har abada. Wata goma sha huɗu in karɓi haƙƙina in koma gefe, firam ɗina na rataye a falo. Na ce a raina Malama babba ce, tana da mutane, za ta kare kanta. Sai na tuna ranar taro, da abin da ta kare kanta da shi: shafin rajistata. In aka tsare ta gobe, shi za ta sake ɗagawa, ta ce ku tambayi Baba Sito. Kuma za a kira ni, a gaban Uwata, a sake yi mini tambayar da aka yi mini shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Maman yara ta ga na tura kwano gefe sau biyu, ta ce in dai hawan jinin ne in faɗa mata gaskiya. Na ce ba shi ba ne. Ta ce to ko ma mene ne, ka daɗe kana ɗauke da shi, ni dai ban tambaya ba ne.

Litinin da safe na riga kowa zuwa. Na buɗe sito, na ɗauki kwalin ashana da rajista da gwangwanin marayu, na hau sama. Malama tana ofis, shayinta na hucewa a gefe. Uwata ma tana nan, tsaye a bakin taga da fayil a ƙirji, da gani ta zo ne ta yi magana ta kasa. Malama ta ce Baba Sito, yau da kaya haka? Na ce ina so su ba ni minti goma, kuma kada wanda ya katse ni, don in aka katse ni ba zan iya ci gaba ba.

Na faɗa duka. Ƙofa, da tire, da ja da ciki, da gwangwani, da ƙasar da na jiƙa da yawu. Na faɗi ranar da na dire mata rajista. Na faɗi kabad na uku da shekara ukun da kwalin ashana ya yi a aljihun tebur. Ban dubi ɓangaren taga ba ko sau ɗaya. Da na gama na buɗe kwalin na ajiye a gabanta.

Malama ta leƙa cikin kwalin. Ta sa safar hannu, ta ɗauko shi, ta kai ƙarƙashin fitila. Ta ɗauki ɗan buroshi ta yi ta share bakinsa a hankali, ta daɗe, har na fara jin ƙarar agogon bango. Sannan ta sa gilashi ta karanta. Shekara ta ɗari da ashirin da huɗu, in ji ta, kuma daga garin da aka buga fiye da rabin sauran. Irinsa akwai goma sha tara a tukunyar. Da ma na bar lambar ta gaza, da ba abin da tarihi ya rasa.

Ta cire gilashin ta ajiye.

"Na tambaye ka, Baba Sito."

"Kin tambaye ni, Malama."

"Har na ba ka haƙuri."

Na ce haka ne. Na so ta yi faɗa, ta kira ni ɓarawo ko maƙaryaci, in samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta juya ta dubi kantar littattafanta, inda nata littafin yake jere guda shida, kusa da tsohon na Farfesa mai baƙin bango. Ta ce, kamar da kanta take magana, ashe Malam ya yi gaskiya, kuma ba inda za ta same shi ta faɗa masa. Ta ce laifinta ne ita ma, dirhami ɗaya bai isa a gina gari a kansa ba, ta sani, amma ta so labarin ya zama gaskiya. Wannan ya fi zagi ciwo, a ce har yanzu tana neman kason da za ta ɗaukar mini.

Ta ce za ta rubuta wa mujallar da masu buga littafin da kanta, a wannan makon. Ta ce Darakta zai ji yau, ba za ta ɓoye ba, kuma ba ta san abin da zai yanke ba. Na ce na sani. Na ciro makullan daga aljihu na ajiye a tebur, ta ce in mayar, ba ita ta ba ni ba. Sannan ta ce kafin komai akwai aiki: wannan dirhamin bai taɓa shiga hannun kowa da takarda ba tun ranar da ya faɗi, dole a rubuta inda aka same shi da ranar, a cire Auta a mayar da shi cikin marayu da bayaninsa. Ta ce Uwata ta rubuta.

Uwata ta ajiye fayil ɗinta. Ta ja kujera ta zauna, ta jawo rajistar, ta buɗe daidai shafin ba tare da ta nema ba, don tun tana sakandare ta san shi. Ga rubutuna, ɗari biyu da goma sha biyu, ga sa hannuna da na yi wa ƙaton lanƙwasa irin na mai alfahari. Ta ɗauki jan biro, ta ja layi a ƙasa, ta rubuta kwanan wata. Idonta a bushe yake. Na jira ta dube ni, ko da harara ce, ba ta ɗago ba.

"Malam mai sito," in ji ta, "a ina aka same shi?"

Shekara ashirin da takwas tana ce mini Baba. Na gyara tsayuwa, na ce bayan kabad na uku, a tsagar bango, ɓangaren hagu. Ta rubuta, ta juyo mini da rajistar, ta nuna mini da bakin biro inda zan sa hannu.